Ƙwayoyin cutar da suka sha tauri a asibitocinmu

Kwana biyar ana yi wa Inna allurar seftiriyazon, wani antibiyotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, zazzaɓi bai sauka ba. An yi mata aiki a ciki a wani asibiti nan Garwa, arewacin Kamaru, aikin ya yi kyau, ɗinki ya kama, amma robar fitsarin da aka sa mata ta daɗe a jikinta, kuma daga nan ciwon ya kunno kai. Mu da ke zaman jinya a baranda kowa da nasa fassarar. Yayana ya ce allurar jabu ce, a je wani kantin a sake sayowa. Gwaggo ta ce jikin Inna ne ya saba da magani, tun da can ita mai yawan shan kafso ce. Kawu kuwa bai tsaya dogon zance ba, ya tari likita a bakin ƙofa.

"Likita, in akwai wadda ta fi wannan ƙarfi a rubuta mana. Ko nawa ne za mu nema."

"Baba, ku yi haƙuri a kai fitsarin awo tukuna. In na canza yanzu, harbi ne a duhu."

Kawu bai ji daɗin amsar ba, ni ma a lokacin ban ji ba. Sai daga baya na gane cewa cikin mu duka Gwaggo ce ta fi kusa da gaskiya, sai dai ta ɗora wa wanda ba shi da laifi. Jikin mutum ba ya sabawa da antibiyotik. Ƙwayar cutar da ke cikinsa ita ce ke samun abin da za ta kare kanta. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin jikin Inna nata ne ita kaɗai, ƙwayar cuta kuwa tana tafiya. Tana bin hannu, tana bin zanin gado da bakin famfo, ta isa ga jaririn da bai taɓa shan ko da ƙwayar magani ɗaya ba a rayuwarsa.

Kafin a fahimci yadda magani ke gazawa, sai an san yadda yake kisa. Bakteriya halitta ce mai ɗaki ɗaya, kewaye da katanga. Katangar nan ce ke riƙe da ita, don matsin da ke cikinta yana da yawa, da ta tsage sai ta fashe kamar salkar da aka cika fiye da kima. Kullum ƙwayar tana girma tana rabuwa biyu, saboda haka kullum akwai magina a bakin aiki suna ɗaure sabon gini da tsoho. Penisilin da dukan danginsa, wato ampisilin, amoksisilin, seftiriyazon har zuwa meropenem, suna da wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu a tsakiyar ƙirarsu, ana ce masa bita-laktam. Zoben ya yi kama da tubalin da maginin ya saba ɗauka. Da ya kai hannu ya ɗauka sai hannun ya maƙale, ba zai sake aiki ba. Gini ya tsaya, katanga ta yi rauni, ƙwaya ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ba ya taɓa mu. Bairos ɗin da ke kawo mura ma ba shi da ita, don haka duk amoksisilin da aka sha saboda mura asara ce, kuma za mu ga cewa asarar ba ta tsaya a kuɗi ba.

Wanda ya taɓa kallon wasan 'yan tauri ya san abin da ake faɗa a kansu: wuƙa ba ta cin su, wani ma in aka ɗora masa sai ta lanƙwashe. Bakteriya tana da irin wannan tauri, nata kuwa ana ganinsa a ɗakin awo. Tana ƙera wani sinadari, inzayim, mai suna bita-laktamas, wanda aikinsa ɗaya ne tak, ya datse ɗan zoben nan. Da zobe ya buɗe, magani ya zama ruwa. Abin da ya sa ya fi muni shi ne inzayim ba ya ƙarewa wajen aiki. Ya datse wannan, ya saki, ya kama na gaba. Ƙwayoyin da suka fi damun asibitoci, irin su E. coli da Klebsiella, suna da shinge biyu, na waje da na ciki, kuma a tsakanin su suke tara waɗannan inzayim, kamar a cika zaure da dogarai. Magani ya shigo ta ƙofar waje, kafin ya kai ga magina an gama da shi. Akwai wasu dabaru kuma: ƙwaya ta rage ƙofofin shiga, ko ta kafa famfon da ke tofar da magani waje, ko ta canza maginin da wani wanda maganin bai san shi ba, kamar yadda wata bakteriya, stafilokok ɗin da ake kira MRSA, ta yi tun 1961. Amma a ɗakunan jinyarmu inzayim ɗin nan su ne manyan masu ɓarna.

Ba jiya aka fara ba. Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928. A 1940, tun kafin maganin ya shiga hannun jama'a, Edward Abraham da Ernst Chain suka bayyana cewa E. coli na da wani sinadari mai lalata shi. Wato tauri ya riga wuƙa zuwa kasuwa. Dalilin kuwa a fili yake: yawancin antibiyotik daga halittun cikin ƙasa aka samo su, naman gwari da wasu bakteriya da suka daɗe suna yaƙar juna da su, kuma duk inda aka daɗe ana harbi an daɗe ana neman garkuwa. Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin jure masa.

Daga nan aka shiga tsere. A shekarun 1960 aka samu inzayim mai suna TEM-1 a jikin wata mara lafiya a Girka, ya bazu duniya, ampisilin ya fara rasa kaifi. Masu haɗa magani suka fito da sababbin sefalosforin, wani reshe na dangin penisilin, irin su sefotaksim da seftiriyazon, waɗanda aka yi wa zobensu rufi yadda tsohon almakashin ba zai kama shi ba. Ba a daɗe ba, a 1983, aka ba da rahoto daga Jamus cewa an ga inzayim da ya ɗan sauya siffa, bakinsa ya faɗaɗa, yana datse sababbin ma. Irin waɗannan su ake kira ESBL, a takardun awonmu na Faransanci kuma BLSE ake rubutawa. Wanda ya mamaye duniya a cikinsu shi ne CTX-M-15, da aka fara bayyana shi daga Indiya. Asalin danginsa wata bakteriya ce mai suna Kluyvera, wadda ba ta cika damun kowa ba, daga gare ta aka ara.

Kalmar aro ɗin nan ita ce zuciyar maganar. Da a ce tauri gado ne kawai daga uwa zuwa 'ya, da abin ya zo da sauƙi. Amma umarnin ƙera inzayim yana rubuce ne a kan wani ɗan kewayayyen zaren gado da ake kira filasmid, wanda ke zaman kansa a cikin ƙwayar. Ƙwaya biyu su haɗa jiki, ɗaya ta kwafi filasmid ta miƙa wa ɗaya, kamar a kwafi laya a ba maƙwabci. Ba dole su zama jinsi ɗaya ba. Klebsiella na ba E. coli, E. coli na ba Salmonella. Kuma layar ba lakani ɗaya ke cikinta ba. Sau da yawa filasmid ɗin da ke ɗauke da CTX-M-15 yana tafe da abin da ke kare ƙwaya daga jentamisin, da kotirimoksazol, da siprofloksasin. Shi ya sa za ka ga an canza magani sau uku, daga gida uku daban-daban, duk a banza. Shi ya sa kuma shan magani guda kan raya taurin wani maganin da ba a ma sha ba.

Inda ake wannan musaya kuwa shi ne hanjinmu. E. coli mazauniyar hanji ce, tana zaune lafiya da mu tare da ɗimbin wasu ƙwayoyi masu amfani. Duk lokacin da aka sha antibiyotik, ko don mura, ko don ciwon ciki, ko don "wanke jini", maganin ba ya tambayar wa ya yi laifi. Yana share masu rauni, masu tauri su samu fili. E. coli in ta samu yanayi mai kyau tana rabuwa duk minti 20. Manoman auduga na wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a nan, sun ga yadda feshin da ke kashe tsutsa bara ya zama kamar ruwan wanka bana. Dattawa kuma suna tuna lokacin da kulorokin ke sauke zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu, da lokacin da ya daina. Ƙa'idar ɗaya ce.

Mai ɗauke da irin wannan ƙwaya a hanji ba ya jin komai. Wani bincike da aka buga a 2012 kan mutanen Ngaundere da ba a kwance suke a asibiti ba ya samu kimanin mutum 16 cikin 100 na ɗauke da masu ESBL, kuma CTX-M-15 ne ya fi yawa. A Njamena, binciken da aka buga a 2019 kan ƙwayoyin da aka samu daga marasa lafiya a manyan asibitocin birnin ya nuna kusan rabin 'yan dangin E. coli da Klebsiella suna ƙera ESBL. A ce rabi, ma'anarsa likitan da ya rubuta seftiriyazon ba tare da awo ba, in ciwon daga irin waɗannan ƙwayoyi ne, kamar ya jefa kwabo sama ne yana jiran kai ko wutsiya.

Me ya sa abin ya fi tsanani a asibiti? Domin a can ne abubuwa uku ke haɗuwa. Marasa ƙarfi suna can: mai jego da aka yi wa aiki, jaririn da bai cika wata ba, yaro mai tamowa, tsoho mai ciwon sukari. Ƙofofin shiga jiki a buɗe suke: robar fitsari, allurar ƙarin ruwa da ta kwana uku a jijiya, rauni, cibiyar jariri. Sannan kusan kowane gado ana ba da antibiyotik, don haka ƙwayar da ba ta da tauri ba ta da wurin zama a ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 15 kan kamu da wata cutar a asibitin, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Klebsiella ta fi son ɗakin jarirai, tana zama a magudanar wurin wanke hannu da cikin kwalbar ruwan da ake ɗiba a yi wa jarirai da yawa. Ita tun asali ampisilin ba ya cin ta, kuma ampisilin da jentamisin su ne farkon abin da ake ba jariri mai ciwon jini. In ta samu layar da ta kare ta daga jentamisin, an ba jaririn magani biyu, babu ɗaya da ke aiki. Acinetobacter kuma tana iya yin makonni a busasshen ƙarfen gado tana jira.

Akwai wata gaskiya da ba mu son faɗa, mu masu zaman jinya. A asibitocinmu mu ne muke juya mara lafiya, mu zubar da fo, mu wanke zani, mu ba da abinci, mu taimaka wa na gadon kusa in nasa sun fita. Wannan zumunci ne, ba don shi ba da jinya ta gagara. Amma hannun da ya zubar da jakar fitsari shi ne ke dama kunu, kuma sau nawa ake samun ruwa da sabulu a kusa? Da dare famfo ya ɗauke, buta ɗaya ta zagaye ɗaki. Gaisuwar dubiya ma musafaha ce daga gado zuwa gado. Ba na cewa a hana dubiya, wanda ya ce haka bai san mutanensa ba. Ina cewa bokiti mai famfo da sabulu a bakin kowane ɗaki, da kwalbar alkol ta goge hannu a aljihun kowace nas, sun fi kwalin meropenem araha nesa ba kusa ba. Tun 1847 Ignaz Semmelweis ya nuna a Biyana cewa wanke hannun likitoci kaɗai ya rage mutuwar masu jego ƙwarai.

Komawa ga roƙon Kawu na allura mai ƙarfi. Akwai ta. Sama da seftiriyazon akwai karbapenem, wato imipenem da meropenem, waɗanda ESBL ba ya iya datsewa. Suna da tsada, ta jijiya ake ba da su sau uku ko fiye a rana, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye su ba. Amma tsanin nan matakalarsa kaɗan ce. A 1996 aka samu inzayim KPC mai datse karbapenem a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. A 2001 aka samu OXA-48 a Istanbul. A 2008 aka samu NDM-1 a jikin wani mutum a Suwidin bayan ya kwanta asibiti a Indiya, aka raɗa masa sunan birnin Delhi, abin da bai yi wa hukumomin Indiya daɗi ba. NDM ya fi sauran wuyar sha'ani. Almakashinsa da ƙarfen zinki yake aiki, don haka dabarar da ake yi wa sauran ba ta cin sa. Dabarar ita ce a haɗa magani da wani ɗan rakiya da zai cusa kansa a bakin almakashin ya toshe shi, kamar yadda asid kilabulanik ke raka amoksisilin a cikin Augmentin. Abibaktam, sabon ɗan rakiya, yana toshe KPC da OXA-48, amma NDM ko a jikinsa. Kuma kada a ɗauka labarin nesa ne: a 2019 masu bincike sun ba da rahoton E. coli mai NDM-5 da mai OXA-181 a Cadi. Tsakanin Njamena da Kuseri gada ce kawai a kan Logon, marasa lafiya na tsallaka ta kowace rana ta ɓangarorin biyu, kamar yadda namu ke zuwa Yola da Mubi, na can su zo nan. Filasmid ba ya nuna takarda a kan iyaka.

Bayan karbapenem sai kolistin, tsohon maganin da aka jingine a shekarun 1970 saboda yana cutar da ƙoda, aka dawo da shi don dole. A ƙarshen 2015 aka ba da labarin mcr-1 daga Cana, tauri ga kolistin mai yawo a kan filasmid, an fara ganinsa a aladun da ake zuba wa maganin a abinci. Wannan ya shafe mu ta wata fuska. Duk wanda ya shiga kasuwar shanu a Adamawa ko a Arewa Mai Nisa ya ga kwalaben oksitetirasaiklin a kan tabarma, makiyayi ya saya ya yi wa saniyarsa da ƙiyasi, gobe a tatse ta a kai nono kasuwa. Muna da LANAVET a nan Bokle, babban ɗakin awon dabbobi na ƙasa, amma tsakaninsa da makiyayin da ke daji akwai nisa.

Adadin mutuwar da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Babban ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da magani ba ya ci, kuma abin yana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowanne yawan mutuwa gwargwadon jama'arsa shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, 27.3 cikin kowane 100,000, kuma a rabon da suka yi Kamaru da Cadi suna cikin wannan yanki. Sai dai ba wanda ke rubuta haka a takardar mutuwa. Za a ce zazzaɓi ne, ko taifod, ko aikin ne bai yi ba, ko kwana ya ƙare.

An saba ɗora laifin duka a kan mai tallar magani a faranti, wanda a Cadi ake yi wa laƙabi da dokta cuku. Yana da nasa kason, ba shakka. Yana sayar da kafso biyu ga mai kuɗin biyu, maganin ya sha rana har ƙarfinsa ya ragu, kuma zargin yayana na jabu ba daga sama ya faɗo ba, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Amma a ganina an yi wa mai faranti yawa. Shi ba ya rubuta seftiriyazon na mako guda bayan kowane aikin haihuwa, alhali shawarar masana ita ce allura ɗaya kafin a yanka ta isa rigakafi, ba a ci gaba bayan an rufe. Ba shi ne ke ɗaukar awon Widal, awon jini na neman taifod, a matsayin hukunci ya ce wa duk mai zazzaɓi taifod ba. Waɗannan a cikin asibiti suke faruwa, da hannun masu farar riga. Su ma in ka zauna da su ba za ka iya zaginsu ba. Likita na gaban yaro mai suma, awo babu, ko akwai amma iyaye ba su da kuɗinsa bayan na magani, kuma ya san in ya jira yaron na iya tafiya. Wa zai ce masa kada ya harba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibiyotik gida uku tun 2017, na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya, kuma seftiriyazon a gida na biyu yake. A wurinmu ya zama gaisuwar shiga asibiti.

Matsalar da ta fi kowace, a nawa ganin, ita ce makantar. Wani nazari da Africa CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka, da abokan aikinta suka fitar a 2022 kan ƙasashe 14, har da Kamaru, ya nuna kashi 1.3 cikin ɗari kacal na ɗakunan awo kimanin 50,000 ne ke yin awon bakteriya. Mu a Garwa muna da sa'a akwai reshen Cibiyar Pasteur. Wanda ke ƙauyen Mayo Rai ko bakin tafkin Cadi fa? Alhali aikin ba sihiri ba ne. A shuka fitsari ko jini ko mugunya a faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, washegari a ga abin da ya tsiro. A sake shimfiɗa shi a wani farantin, a ɗora ƙananan takardu masu kewaye, kowace jiƙe da magani daban. Inda magani ke ci za a ga fili fes kewaye da takardar, inda ba ya ci ƙwayar za ta tsiro har jikinta. Gano ESBL ma da ido ake yi: a sa takardar Augmentin a tsakiya, ta seftiriyazon a gefe, in filin ya miƙo wajen ta tsakiyar kamar ana jan sa, to ɗan rakiya ya toshe almakashi, an kama ɓarawo. Kwana biyu zuwa uku ke nan. Abin da ake bukata wuta ce mai tsayawa, da kayan aikin da ba su lalace ba, da ma'aikacin da ya san hannunsa. Amfanin kuma ya wuce mara lafiya ɗaya. Asibitin da ke tara sakamakonsa na shekara ya san ƙwayoyin ɗakunansa, likitansa ko ya harba kafin awo ya fito, ya san gefen da zai nufa.

Takardar Inna ta fito rana ta uku. E. coli ce, an rubuta BLSE a ƙasa an ja layi. Jerin magunguna a hagu, haruffa a dama: R na nufin magani ba ya cin ƙwayar, S na nufin yana ci. Ampisilin R, seftiriyazon R, siprofloksasin R, kotirimoksazol R, jentamisin R. Kawu ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce, "To me ya rage?" Biyu suka rage masu S, imipenem da amikasin. Likita ya duba awon ƙodarta ya zaɓi amikasin, allura ɗaya a rana, ya sa aka cire robar a ranar. Bai kai imipenem tsada ba ko kusa. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka.

Ranar sallama ya kira ni gefe ya ce ƙwayar na iya zama a hanjinta watanni ko da ta warke, don haka duk asibitin da aka kai ta nan gaba a fara nuna wannan takarda kafin a rubuta komai. Inna ta naɗe ta cikin leda, ta sa a ƙasan adakarta tare da katin ɗan ƙasa.